Raka'a ta Biyar

Litinin, 1 ga Yuli, 2024

Yau ma. Ina limancin La'asar na miƙe raka'a ta biyar. Ban gama miƙewa ba sai "Subhanallah!" daga bayana, da ƙarfi kamar mai korar biri daga gonar masara. Nuruddeen ne, wa kuma. Ɗan ƙanen Alhaji Armiya'u mai masallacin, wanda ya yi shekara biyu a wata makaranta a Sakkwato ya dawo da tabarau da gemun da za ka iya ƙirga gashinsa. Na koma na zauna, muka sallame, muka yi ba'adi, sujada biyun nan ta gyaran ƙari. Abin da shari'a ta ce ke nan. Rafkanuwa ba a kaina aka fara ta ba.

Sauran jama'a kuwa, sahu biyu cur, duk sun miƙe tare da ni kamar tumaki. Da rijiya na faɗa da sun biyo ni.

Laraba, 3 ga Yuli

Azahar, na sallame a raka'a biyu. Shi ɗin dai ya sake yi mini tasbihi. Bayan an watse ya matso yana murza hannu: "Allah shi gafarta Malam, ko akwai abin da ke damunka?" Na ce akwai. Ya ce mi? Na dube shi har ya gane.

Alhamis, 4 ga Yuli

Alhaji Armiya'u ya zo zaure da hantsi, yana ta yabon ruwan bana kamar ya taɓa riƙe hauya. Sai da ya zagaya Kaura Namoda kaf da baki sannan ya iso inda za shi. Wai mutane na magana. Na ce waɗanne mutane? Ya ce mutane dai. In abin ya ci gaba zuwa ƙarshen wata, wai sai in huta, yaro ya shiga gaba.

In huta!

Shekara talatin da ɗaya ina jan salla a Tungar Gawo, can bayan Birnin Tsaba. Da daji ya ɓaci muka taso, yau shekara huɗu, jama'ata suka biyo ni nan Kaura, shi Alhaji ya ba mu shagon da ya gaji da shi muka mai da shi masallaci. Mun gode. Amma masallaci ba kwano da bulo ba ne.

Abin da ba zan faɗa wa kowa ba: gona babu, rumbu babu, shanun huɗa an kore. In aka ce in koma sahu, mi ya rage? Tsoho ɗan gudun hijira a ƙofar gidan aro, wanda za a riƙa ce wa "Baba, matsa."

Asabar, 6 ga Yuli

Lauratu ɗiyata ta zo daga asibitin da take aiki a Shinkafi. Uwarta ce ta kai tsegumi ta waya, na sani. Ta ɗaura mini abin awon jini a dantse, ta ce nawa ya fi nata kyau. Ta ce in jero sunayen jikokina, na jero mata sha ɗaya har da laifin kowane. To ba ruɗewar tsufa ba ce. Sai ta gyara zama, na san wa'azi ya taso.

Wai an kai su bita Gusau, kwana uku a otal, aka koya musu zama shiru da lura da numfashi. Numfashi! Shekara saba'in da ɗaya ina yin abina ba malami, ko yini ɗaya ban yi fashi ba.

Ta ce, "Baba, ba cewa na yi ka kori tunani ba. In zuciya ta fita, bi ta ka ga gidan wa take shiga. In ka gani ka ce, na gan ki, ka dawo."

Na ce, "Akuya ce?"

"Akuyarka ai ka san inda take ɓarna. Zuciyarka ce ba ka sani ba."

Na ce da ita wanga abu malamai sun kira shi halarto da zuciya tun ba a haifi kakan mai otal ɗin ba. Ta ce, "To Baba, tunda ka riga su sani, sai ka riga su yi."

Bakin uwarta ta ɗauko.

Lahadi, 7 ga Yuli

Kakata tana ba mu labarin wani da zai tafi cin rani, ya ji ana satar hankali a birni, sai ya cire nasa ya ɓoye a rumbu ya liƙe da laka. Da damina ya dawo ya buɗe, gara ta cinye, sai ɗan ɓawo. Da ɓawon ya ƙarasa rayuwarsa, har ya yi mai unguwa. Na tabbata jikokinsa ne ke shirya bita a Gusau.

Talata, 9 ga Yuli

Zan gwada abin nan na Lauratu kwana bakwai, in rubuta sakamako, in nuna mata cewa iska ce. Don kada a ce tsoho ya ƙi don girman kai.

Na zauna a zaure kafin Azahar, na rufe ido kamar kazar da ta sha ruwan sama. Numfashi ya shiga, ya fita, ɗaya. Shiga, fita, biyu. Ban san inda lissafi ya tsinke ba, sai na tsinci kaina ina ba Nuruddeen amsar da ban ba shi ba ran Laraba. Amsa mai kyau kuwa, har da aya. Na ce na gan ki. Na ji kunyar kaina, tsoho yana magana da cikinsa. Na sake, na kai huɗu.

Huɗu. Kwana uku a otal don wannan.

Laraba, 10 ga Yuli

Azahar lafiya. La'asar na tsaya a raka'a ta uku, ashe na daɗe. Nuruddeen ya yi tasbihinsa. Daga baya ya ce wai ya ɗauka na suma a tsaye. Wai har ya duba agogo. Mai duba agogo cikin salla shi ke gyara wa wani salla.

Amma na ga inda zuciyar ta shiga. Gonata ta gabas. Na taso daga gindin gawon nan da ke zubar da ganye in damina ta kama, ina bin kunya-kunya zuwa iyakar kalgo, ina duba ko gero ya isa maimai. Har laimar ƙasa na ji a tafin ƙafa. Fatiha tana bakina, ni ina can.

Sau ɗaya ba hujja ba ne.

Asabar, 13 ga Yuli

Jiya La'asar: gona. Yau Azahar: gona. La'asar: gona, wajen wake. Magariba, Lisha, Asuba: ba ko'ina.

Lahadi, 14 ga Yuli

Na duba abin da na rubuta, abin ya ba ni haushi. Ba ta fita sai a sallolin da ake karatu a ɓoye, kuma da rana tsaka, lokacin da mai gona ke gona. In ina karatu a bayyane muryata na riƙe da ita kamar turke. Da Lisha kuwa ko an yi shiru ba ta zuwa, ba mai noma da Lisha.

Wannan ni na gano shi. Ba ya cikin takardun bitarsu.

Talata, 16 ga Yuli

Yau a La'asar na kama ta tana bakin ƙofa. Raka'a ta biyu, iska ta kawo ƙamshin hadari, na ji ta zabura. Na ce na gan ki, a zuci. Ta dawo tana jan ƙafa. Huɗu cif muka yi. Na juyo na dubi Nuruddeen, yana ta jan carbi kamar wanda aka hana abinci. Ya tanadi Subhanallah ɗinsa tun daga gida, ya koma da ita ba ciniki.

Kwana bakwai sun cika yau. Zan ƙara kaɗan, don hujjar ta yi ƙarfi.

Alhamis, 18 ga Yuli

Wani direba da ke bin hanyar Zurmi ya tsaya ya yi Azahar da mu. Aka tambaye shi labarin gida. Ya ce daga titi ba ka ganin Tungar Gawo, ciyawa ta fi mutum tsawo, sabara ta cinye gonaki. Ya faɗa yana sa takalmi, kamar mai faɗin kuɗin mota. Jama'a suka watse.

La'asar na manta zaman tahiyar farko. Ƙabli, sujada biyu kafin sallama. Alhaji Armiya'u yana sahun gaba, ya ga komai.

Juma'a, 19 ga Yuli

Ban yi zaman numfashin ba yau. Mi zan gani wanda ban gani ba.

Litinin, 22 ga Yuli

Zan rubuta wannan yadda ya faru.

Nuruddeen ya tafi Gusau ɗaurin aure. Na ce alhamdu lillahi, yau za a yi salla ba ɗan sanda. Mu goma sha huɗu a Azahar, duk 'yan Tunga, Halilu ladan yana bayana daidai kafaɗa kamar yadda yake tun muna da baƙin gashi. Na kabbara. Na sallame. Kowa ya sallame, aka fara jan carbi, wani har ya miƙe yana neman takalmi.

Sai na ji abin bai zauna ba. Na bi sallar da baya kamar mai bin sawun ɓarawo. Ta farko ina nan, na tuna surar. Ta biyu ina nan, na zauna tahiya. Ta uku na fita, ina tsaye cikin sabara har wuya ina neman inda iyakata take. Daga can ban dawo ba sai a zaune. To ina ta huɗu?

Na ce, "Halilu, nawa muka yi?"

Ya ce, "Huɗu mana, Malam."

Na tambayi na kusa da shi, huɗu. Na tambayi na ƙarshen sahu, ya ce abin da ladan ya ce.

Na ce, "Uku muka yi. Ku tashi."

Muka kabbara, muka kawo ta huɗu, muka yi ba'adi. Da aka watse na riƙe Halilu, na fara zazzaga masa: shekara talatin kana bayana, liman ya ci raka'a guda kana kallo, kai ladan ne ko turmi? Ya bar ni na gama. Sai ya ce, "Malam, kai ina ka tafi?"

Ban yi niyyar faɗi ba. Na ce gona.

Ya yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi. Ya ce, "Ni ina fadama wajen rogona. Ka tambayi kowa cikinsu. Duk can muke, Malam, tun ruwan farko. Kai kana tsammanin mi ya sa yaron nan kaɗai ke yi maka tasbihi? Shi kaɗai ne a Kaura."

Na ce ya tashi ya ba ni wuri.

Shekara huɗu ina ce musu tumaki.

Laraba, 24 ga Yuli

Ban yi barcin rana ba jiya. Ina ta lissafin sau nawa yaron ya yi tafiya tun farkon damina, da sallolin da muka yi ba shi, mu goma sha huɗu kowa a gonarsa. Allah shi karɓa yadda muka kawo. Nauyin jama'a a wuyan liman yake, ni na sha karantar da hakan.

Alhamis, 25 ga Yuli

Ban jira ƙarshen wata ba, ni na je wurin Alhaji Armiya'u, don kada ya samu daɗin aiko mini. Na ce yaronku yana buƙatar horo, ba a koyon limanci da gyaran tabarau. Ya ja Azahar da La'asar daga yau har a yi girbi. Asuba, Magariba da Lisha suna hannuna, don karatunsa na bayyane kamar ana zuba tsakuwa a kwano.

Alhaji ya shirya rigima, na zo masa da rabo. Ya ce, "Mi ya sa waɗannan biyun?"

Na ce, "Yaro ba shi da gona."

Bai gane ba. Ya dai ce ya yarda.

Lahadi, 28 ga Yuli

Kwana uku ina sahu a bayan Nuruddeen da rana. Ruku'unsa kamar kaza na tsattsagar tsaba, na faɗa masa. Ya ce, "Na gode, Allah shi gafarta Malam," kuma jiya ya rage sauri. Ba laifi. Ba wanda ya ce mini Baba matsa. Halilu ya buɗa mini wuri kusa da shi, muka tsaya kafaɗa da kafaɗa kamar shanun huɗa. Da aka sallame La'asar ya raɗa mini, "Ina ka je?" Na ce sau biyu na fita, sau biyu na dawo. Ya ce shi sau ɗaya ya fita, bai dawo ba sai da sallama. Ya ce in koya masa. Na ce ba abin koyo ba ne, shirme ne na 'yan asibiti, amma ya zo zaure gobe kafin Azahar.

Lauratu ta bugo waya da yamma. Wai, "Baba, kana ɗan zaman nan kuwa?" Na ce ina da aikin yi, ba ni da lokacin wasan yara.

Numfashi sha tara na kai yau kafin zuciyar ta fita.