Ɗan Ɗakin Kwanar Boldo

Litinin, 4 ga Maris

Na fita a kan kekena hazon teku bai gama tashi ba. Hanyar gonakin gishiri, kamar kullum. Daga ni sai karnukan gidan Cornejo, su ma sun gaji da yi mini haushi. Baƙin hutu sun koma Santiago, titi ya dawo hannun masu shi.

A kwanar Boldo, inda hawan ya fi tsanani, na ga an jera bulo a gefen titi. Ƙaramin gini ne, bai wuce gwiwa ba, simintin ko bushewa bai yi ba. Animita ce, ba tantama, ɗan ɗakin nan da muke gina wa wanda ransa ya fita a kan hanya. To amma wa ya mutu? Rayuwata duk a rabon wasiƙu na ƙare ta a yankin nan, ko kaza mota ta take sai labari ya iso ni.

Alhamis, 7 ga Maris

An yi wa animitar rufi, an shafa shuɗin fenti, an kafa gicciye. Babu suna.

Na tsaya shagon Uberlinda shan shayi da burodi da cuku. Da na tambaye ta, sai ta hau goge teburin da ta riga ta goge. "Ni ina zan sani, Don Baldo? Kai ne mai yawo."

Asabar, 9 ga Maris

Ciwon ƙirjin nan kuma. Kaɗan ne. Ban gaya wa Fresia ba, don 'yar nan tawa da ta ji sai ta kira likita, shi kuma ya sake karanto mini: ban da hawan tudu, ban da hawan tudu. Mutumin da ko feda bai taɓa takawa ba.

Laraba, 13 ga Maris

An ɗaure wilin keke a jikin gicciyen. Siriri, na tsere, irin nawa.

Sai da na sauka na tsaya sannan na gane wurin. A nan ne numfashi ya ɗauke mini a watan Janairu, na faɗi cikin ciyawa. Mutum ɗaya ne ya gani, Nibaldo magini, da ya zo wucewa da motarsa ta ɗaukar yashi. Shi ya yayyafa mini ruwa, ya kai ni gida, ya rantse ba mai ji daga bakinsa. Kuma duk yankin nan shi kaɗai ke yi wa ƙofa irin wannan lanƙwasar a sama.

Ina rubutun nan raina a ɓace. Haushi ne, ba tsoro ba.

Alhamis, 14 ga Maris

Na same shi a bayan gida yana kwaɓa siminti. Nibaldo fa, wanda muka zauna benci ɗaya a makaranta, wanda ya riƙe Fresia ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna kompadre. Ko musu bai yi ba.

"Kompadre, likita ya yi magana ba ka ji ba. 'Yarka ta yi kuka ba ka ji ba. Na ce bari bulo ya gwada sa'arsa."

Na kira shi tsohon banza, da wasu sunayen da ba zan rubuta ba. Yana ta ƙyaƙyata dariya.

"Ai gata na yi maka. In na bari sai ka tafi, yaran zamanin nan ne za su gina maka, a karkace."

Na ce ya je ya rushe ta yau ɗin nan. Sai dariyar ta ɗauke. Ya ce niyyarsa ke nan tun farko, in na gani na tsorata, ya kwashe bulonsa. Amma jiya da ya je, ya tarar wani ya kunna kyandir a ciki.

Ba mai taɓa animitar da aka riga aka kunna wa wuta. Ko masu shimfiɗa kwalta kewaye ta suke yi. Ya sani, na sani.

Lahadi, 24 ga Maris

Kyandirori sun yi yawa, narkakken kaki ya gangaro har bakin titi. 'Yan keken birni masu zuwa ƙarshen mako sun fara ajiye gorunan ruwa. Wani a cikinsu ya tambaye ni, "Baba, wa ya rasu a nan?" Na ce wani mai taurin kai ne. Ya cire hular kwanonsa, ya sunkuyar da kai.

Zancen cewa ni aka gina wa animitar ya gama gari, ban san ta bakin wa ba. Bayan an fito coci Doña Hermosina, tsohuwar nan mai sayar da gishiri, ta damƙe hannun Nibaldo a gaban jama'a. "Ka gina ɗaki, an kunna masa wuta, ka bar ƙofa a buɗe. Kana tsammanin haka zai zauna ba kowa a ciki?" Ko wurin cin abincin rana Nibaldo bai zo ba.

Talata, 2 ga Afrilu

An manna ɗan allo a jikin animitar, irin wanda ake sa wa mamaci in an roƙe shi ya biya: an gode da biyan buƙata. Wa ya biya? Ni dai ga ni nan da raina, ina haɗiyar ƙwayoyin likita safe da yamma.

Uberlinda ta ƙaro mini cuku ban tambaya ba, ta sassauta murya. "Don Baldo, ba fata nake yi ba, Allah ya sani. Amma in ta Allah ta kasance a kanka, ka tuna da ciwon ƙafar maigidana." Na bar mata shayin a kan tebur.

Yanzu in na doshi kwanar sai na ji ina rage gudu ba da niyya ba. Ƙofar tana kallon titi, daidai tsayin wilina.

Juma'a, 5 ga Afrilu

Da safe na buɗe ƙofa, ga Nibaldo da keken marigayi yayansa, baƙin ƙarfe mai nauyin jaki, ko giya babu.

"Ni na gina ta. Ba zan bari ka riƙa wuce ta kai kaɗai ba."

Mutum da tumbi kamar tukunya, taba a bakinsa tun muna yara. Na yi dariya har da hawaye. Shi bai yi ba. Haka ya biyo ni har gonakin gishiri ya dawo, ina jin numfashinsa a bayana kamar ana zarto.

Litinin, 8 ga Afrilu

Ya sake zuwa. Jiya ma haka, shekaranjiya ma. Ya rame a wuya.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Ban san ta inda zan fara ba.

Na wuce kwanar, na kai saman tudu, sai na lura zarton ya yi shiru. Na waiwaya, titi fayau, sai hazo. Yadda na gangaro ban sani ba.

Keken yana cikin kwata. Shi kuma yana zaune a ƙasa, ya jingina da animitar, kansa a jikin gicciyen, leɓensa ya koma ruwan toka. Kyandirori na ci kusa da kafaɗarsa. Abin da ya fi tayar mini da hankali, yadda ya dace da wurin, kamar da shi aka auna.

Na fizgi gora ɗaya cikin waɗanda aka ajiye, na sheƙa masa a fuska. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Ka ga amfaninta," in ji shi.

Na ce ya rufe mini baki. Tirelar katako ta wuce mu, ƙasa na girgiza, direban ya yi alamar gicciye bai tsaya ba. Mun daɗe a nan kafin ya iya miƙewa. A ƙafa muka dawo, ina tura keke biyu.

A ƙofar gidansa na roƙe shi. Ni Baldomero, da ban taɓa roƙon kowa ba, na ce don Allah kompadre, gobe ka zauna a gida.

"Ranar da ka zauna, na zauna," ya ce. Ya shige ciki.

Na ji tsoro yau. Na rubuta, tunda ba mai karantawa.

Juma'a, 12 ga Afrilu

Ya zo, yana jan ƙafa, da baƙin ƙarfensa.

Na ce masa yau ba fita, sarƙar kekena ta tsinke. Ya tsuguna da ƙyar, ya ɗaga ta, ya juya bakin yana dubawa. Ya daɗe yana kallon inda fulaya ta cije ta. Magini ne, ya san bambancin abin da ya tsinke da abin da aka yanke.

"Irin wannan sarƙar wuyar samu gare ta," ya ce. "Sai an aika Santiago."

Na ce haka ne.

"Zai ɗauki lokaci."

Na ce ba sauri nake yi ba.

Fresia ta kawo mana shayi a bakin ƙofa. Muka zauna har hazon ya tashi, titi ya fito fes, ba kowa a kansa. Ya ce gobe ma zai zo, a ƙafa.