Ka Duba Dunduniyar Tukur

Haɗejia, Maris 1998

Zuwa ga ƙanena Abdulwahid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Sakinatu da yara, ya kuma ba ƙaninmu Tukur sauƙi. Mu nan lafiya ƙalau, sai Umma da gwiwa ta matsa wa. Kogi ya janye, an fara cire tumatir a fadama.

Saƙonka ya iso. Ka ce likitocin Ingila sun ba Tukur ƙwayoyi har sun gaji, ciwon damuwar bai sake shi ba, yanzu za su gwada sabuwar na'ura mai maganaɗisu da ake ɗora wa mutum a ka ta zaburar da ƙwaƙwalwa. Ka ce sun tambaya ko ya taɓa farfaɗiya, domin na'urar tana iya tayar da ita, Kawu Shu'ibu kuma ya aiko maka cewa bai taɓa ba. Ƙarya ce, Abdulwahid! Wallahi ƙarya ce!

Kana karatu a Zariya abin ya faru, a bakin ruwa wajen Guri, inda ake bandar kifi. Na kai wa su Kawu abincin rana ke nan Tukur ya ƙwala ihu, ya faɗi tim, kansa ya daki gefen kwalekwale. Jikinsa ya sandare, sannan ya kama fizga, idanu sun juye, kumfa da jini na zuba. Masunta suka watse don kada yawunsa ya taɓa su. Kawu ya danne masa ƙirji da gwiwa, ya cusa masa cokali a baki har haƙori ya karye. Da fizgar ta ƙi tsayawa, sai ya ja ƙafar Tukur ya tura dunduniyar cikin garwashin banda, wai zafi zai kori iskar. Na ji ƙaurin naman ɗan'uwana. Na cakumi Kawu ina kururuwa, ya hankaɗa ni cikin laka.

Da Tukur ya farfaɗo bai tuna komai ba. Aka ce masa santsi ya kwashe shi ya taka wuta, har yau haka ya sani. Kawu ya ce in sunan ciwon ya fita ba mai neman 'ya'yanmu mata, ba mai sa hannu a kwanonmu.

Shekaranjiya na faɗa masa zan rubuto maka. Ya ɗauke ni da mari a gaban Umma, leɓena ya fashe, ya ce zan tona asirin gida. To, a tona! Ni dai ba za a ɗora wa yaron nan ƙarfe a ka bisa ƙarya ba. Ban ce na'urar mugun abu ce ba, ban san ta ba. Ka gaya wa likitocin gaskiya, su suka san abin yi.

Ka gaishe mini da Sakinatu da ƙaramar Umma. Yarana 'Yar'azumi da Zarami suna gaishe ku. In kana shakkar maganata, kafin ka sa hannu a komai ka zaunar da Tukur, ka cire masa safa, ka duba dunduniyarsa ta hagu. Wanda ya taka wuta da kansa yakan janye ƙafa. Tasa riƙe ta aka yi.

Yayarka da ba ta iya shiru,
Yakaka