Ki Ɗaura Mata Koren Ƙyalle

Ƙanwata Nuran,

Salamu alaikum. Ya gida, ya jikoki? Ɓaunar nan taki ta haihu? Direbanmu Gulam Rasul ke rubuta mini. Lafiyata lau, sanyin Landan ne kawai, sai abinci da ba ya shiga.

Bibi Mehtab za ta koma gida ranar Alhamis, za ta nemi kujerar mahaifinta ta Firayim Minista. Na riƙe ƙafarta ina kuka, na ce ni na raine ki, kar ki je. Ta yi dariya, ta ce, "Inna, ke ko murfin tukunya ya faɗi, bindiga ce." Ba za ta tafi da ni ba, wai gwiwoyina ba za su iya ba.

Don Allah ki koma babban gidan su Bibi. Duk ranar da za ta fita taro, ki ƙulle tsabar kuɗi, rupi ɗaya, a koren ƙyalle, ki ɗaura mata a damtse, yadda muke wa matafiyi. Ko ta yi faɗa, ki ɗaura.

Nuran, ranar da aka harbe mahaifinta, mantawa na yi ban ɗaura masa ba. Shekara goma sha ɗaya ban gaya wa kowa ba. Gulam Rasul ya ajiye biro yana kallona. Na ce masa rubuta.

Allah ya tsare mana ita.

Yayarki,
Bagul