Lambar Wayata Ce a Kan Asusun Ƙanena

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin kowa ya zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe. Zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina, shawara nake nema.

Ni magidanci ne a Tudun Wada, ina da rumfar POS a bakin titi, kuma ni ne babba a gidanmu. Baba tela ne amma ciwon suga ya zaunar da shi, cefane da maganinsa duk a wuyana suke. Ƙanena, bari in kira shi Nura, shi kaɗai Allah Ya ba kan boko a cikinmu. Da ya samu gurbin karatu a jami'a, ni na goya shi a mashin na kai shi banki aka buɗe masa asusun ɗalibai, irin wanda ba sai ka ajiye ko kwabo ba. A lokacin an sace masa waya. Da aka zo wajen lambar waya a fom sai na ce wa ma'aikaciyar ta sa tawa, in ya sayi wata wayar a canza. Ai haka ake yi, babban wa ya riƙe alat, wato saƙon shiga da fitar kuɗi, don ya san abin da yaro ke kashewa. Har godiya ya yi mini. Daga baya ya sayi waya amma ba a taɓa canzawa ba, shi dai katinsa na cire kuɗi ya ishe shi.

Bara wani mutum daga wajen Kwangila da ke yawan cire kuɗi a rumfata ya ce yana neman asusun da za a riƙa turo masa kuɗin kaya, duk abin da ya shigo in cire masa in riƙe kasona. Ni ba yaro ba ne. Wane ɗan kasuwa ne ke gudun asusunsa? Na gane sarai, shi ya sa ban ba shi nawa ba. Na Nura na ba shi. Tunda layina ne a kai, na buɗe manhajar bankin a wayata, kuɗi na faɗowa ina kwashewa kafin yaron ya ma san an yi. Wata huɗu ina wannan, ina sallah a sahun gaba, ina yi wa Nura faɗa kan ya guji abokan banza.

Lokacin rajista ya zo, Baba ya sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinsa biyu, aka zuba kuɗin a asusun Nura. Nura ya je biya kati ya ƙi. A banki aka gaya masa an rufe asusun, wata mata ta kai ƙara an damfare ta, kuma asusunsa kuɗinta suka shiga. Bayan la'asar Baba ya aika a kira ni. Na tarar da shi a tsakar gida, Nura a durƙushe yana rantsuwa bai san komai ba. Baba ya ce shi ba zai iya ba, ni ne babba, in tambayi wannan yaron yaushe ya zama ɗan damfara.

Nura ya ɗago ya dube ni. Wallahi ba kallon zargi ba ne, taimako yake nema. Ya ce, "Yaya, ai alat ɗin duk..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ɗauke shi da mari a kunnen hagu, sai da kansa ya bugi bango. Da na ga zai sake buɗe baki sai na ƙara masa, na fizgo belin keken da ya rage wa Baba, na rufe shi da duka, baya, wuya, hannuwan da yake kare fuska da su, ina ihu ina kiransa ɓarawo, ina cewa ya zubar mana da mutunci a unguwa. Duk sanda ya ce "Yaya" sai in ƙara ƙarfi, don na san kalmar da za ta biyo baya. Ya faɗi na taka shi. Belin ya tsinke na koma sa ƙafa. Inna ce ta faɗa kansa tana kuka tana cewa in haɗa da ita. Sai a nan na ga jini na gangarowa daga kunnensa zuwa kwalar riga. Ku gaya mini, wane irin mutum ne ke dukan ƙanensa kamar jaki a kan laifin da shi ya aikata? Abin da ya fi ƙona mini rai, maƙwabtan da suka shigo rabo har yaba mini suke yi, wai da kowane gida na da babban wa irina da yara sun shiryu.

A asibiti suka ce dodon kunnen ya fashe, da wuya ya dawo daidai. Ni na biya kuɗin magani, kuma kun san daga inda kuɗin suka fito. Mutumin Kwangila kuwa tun ranar layinsa a kashe yake.

Yau mako uku ke nan. Rajista ta wuce Nura. Baba ba ya amsa gaisuwarsa, ni kuma kullum safe sai ya sa mini albarka, in ce amin ina jin kamar in haɗiyi zuciya. Shekaranjiya ina rumfa da rana sai ga Nura, auduga a kunne, da takardu a hannu. Ya jira kwastoma ya tafi, ya ajiye su a kan teburina. Bayanan asusun ne aka buga masa, kowane kuɗi da ranar da ya shiga da inda aka tura shi, kuma na ga ya ja layi da biro a ƙarƙashin sunan rumfata har wuri tara. Ya ce banki na son ya kawo bayani a rubuce ranar Litinin da sa hannunsa. In ya amsa cewa shi ya karɓi kuɗin, za a sa wa BVN ɗinsa alama, maganar ta tafi hannun hukuma, makaranta ma tana iya ji. Sun tambaye shi lambar wa ke kan asusun, ya ce tsohon layinsa ne da ya ɓata.

Na ce masa ya zauna. Bai ji ba. Sai da ya juyo mini da kunnen dama na maimaita.

Ya ce, "A'a Yaya, tafiya zan yi. Zan sa hannu. In aka kama ka wa zai sayi maganin Baba? Abu ɗaya nake roƙo, ka je ka cire lambarka daga kan asusuna."

Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, ya ma bar mini takardun. Da zagina ya yi da na samu sauƙi. In na fito na faɗi gaskiya, rumfa ta tafi, wataƙila in kwana a gidan yari, Baba kuma ban san ko zuciyarsa za ta ɗauka ba in ya ji wanda yake sa wa albarka. In na yi shiru, yaron da na kurumtar zai ɗauki sunan ɗan damfara har ƙarshen rayuwarsa, ya rasa karatun da aka sayar da keke dominsa. Zan iya kallon Inna in gaya mata? Zan iya ci gaba da cin abinci kwano ɗaya da shi yana juyo mini da kunne guda?

Yau Asabar. Jama'a don girman Allah, kafin Litinin, me zan yi?