Cajar Fanka a Wayar Tsoho

Zuwa ga Autana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya yi wa zuriya albarka. Mu nan sai godiya. Ƙafa ta ƙi ni, daga gado sai bakin ƙofa. Yayanka yana fita da sassafe, sai in kwana uku ban ji sallamarsa ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro, tsohuwar wayata ta ƙone. Ka san a cikinta muryar mahaifiyarka take, wadda ka ɗauka tana yi mini faɗa a kan shan magani, wata biyu kafin rasuwarta. Kullum bayan la'asar nakan kunna, in sha faɗana, in ji daɗi.

Cajata ce ta ɓata a shara. Matar yayanka ta kawo ta fankarta mai caji, ta ce ai bakinsu ɗaya. Na sa tabarau na karanta jikinta: bolt goma sha biyu, tawa kuwa biyar ce. Na ce mata tun muna makaranta aka koya mana wutar lantarki kamar ruwan famfo take. Amfiya yawan ruwan ne, waya na ɗibar iya cikinta ta bar saura. Bolt kuwa ƙarfin turowar ne, in ya fi ƙarfin tiyo sai ya fashe. Ta yi dariya, ta ce Baba da bokon da, wuta ai wuta ce. Ina alwala ta jona. Ƙauri ne ya sanar da ni.

Mai gyaran waya ya buɗe, ya ce cikin ya toye, ba abin da zai fito. Ya maimaita wa matar yayanka maganata kalma da kalma, shi kuma ta yarda da shi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, amma wa ke tambayar babba yanzu? Ta ba ni haƙuri, ta ce za a sayo sabuwa mai kyamara.

Kada ka aiko da wata. In akwai sauran muryar a wurinka, ita nake roƙo. In babu, ka faɗa mini gaskiya, in daina sa rai. Sau biyu ke nan ina binne matar nan.

Ka gaida maiɗakinka, da takwarana, da 'yar lelena mai wushirya.

Ni ne mahaifinka.