Ko Hanyar Dajin Ban Samu Ba

Yaya Harisu,

Ina gaisuwa. Ya Hadijatu da yara, ya ƙarin haƙurinmu? Ni lafiya lau, daga aiki sai barci.

Tsofaffin da nake jinya a nan Sikotilan, mata da miji, kullum cikin musu suke. Mijin yana so ƙasarsu ta ɓalle daga Birtaniya, wai man fetur nasu ne. Matar ta ce iyaka za ta raba ta da jikokinta na Ingila. Suka tambaye ni ra'ayina. Na ce da aka rufe iyakarmu da Nijar a Kongolam, ƙanwata Sadiya ta biyo hanyar daji daga Nijar, ta tarar an binne Inna. Daga nan na ba su magani.

Ni ko hanyar dajin ban samu ba. Har yau kuka bai zo ba. A ajiye min mayafin Inna, kada a wanke.

Ƙanwarka,
Amatullahi