Babu Rairayi a Can, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Hamisu mai gyaran keke,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifinsa, gwiwa a ƙasa, ina fatan wannan wasiƙa ta same ka cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Na san ba za ka karanta ta ba. Ko da kana raye ma sai an karanta maka, kai kuma ka riƙa katse mai karatun kana gyara masa zance. Na sa ta a shafina inda kowa zai gani, don ban san wani akwatin da zan jefa ta ba.

Yau wata huɗu da rasuwarka. Ina ɗakinmu na Gubaira a Riyad, Juma'a ce bayan la'asar, abokan zamana sun fita shan iska sun bar ni da fanka. Ban samu zuwa zaman makokinka ba, takardar fita ba ta fito daga hannun kafil, wato ubangidan da ya ɗauke ni aiki, ba sai da aka watse. Wannan ya yi mini ciwo, amma ba shi ne dalilin wasiƙar ba.

Na rubuto ne in amsa tambayarka. Shekara shida kana yi mini ita a waya, tun lokacin da makaranta ta tura ni wani ƙauye a yankin Limuzan na Faransa in koyi aikin kula da daji, na kuma yi subutar baki na gaya maka na samu keke. Kullum bayan gaisuwa sai ka ce, "Laminu, yaya hanyoyin can suke? Akwai rairayi? Akwai ƙaya?" Ni kuma in ce, "Hanya ce kawai, Baba," in nemi a ba ni Inna. Ka rasu ban ba ka amsar da ta wuce wannan ba.

To ga ta, ko da ta makara.

Babu rairayi, Baba, ko cikin cokali. Kwalta ce siririya wadda mota biyu ba sa wuce juna a kanta sai ɗaya ta raɓe, ta kutsa cikin daji tana lanƙwasa. Babu ƙaya kuma. Wata takwas na yi ina hawa duk Lahadi, faci ɗaya na yi, shi ma ƙusa na taka a bakin gonar wani. Da a can ka kafa rumfarka da yunwa ta kashe mu.

Keken a ɗakin ajiyar mai gidan da na sauka na tsince shi, ya yi tsatsa, tayoyin sun kwanta. Na jiƙa sarƙar a kananzir kwana biyu yadda ka koya mini, na ɗaure birki, na ɗaga sirdi. Mai gidan ya tsaya yana kallona kamar na tayar da gawa. Keken giya goma gare shi, abin nan da kake kira ragwanci. Ka yi haƙuri, na yi amfani da su duka, don abin da rairayi yake yi mana a hanyar Tasawa, tudu ne yake yi musu. Sai ka hau har ka ji cinyarka tana wuta, ka kai ƙoli, ka tarar da wani tudun yana jiranka.

Itatuwan dogaye ne, kuma a haɗe suke ta sama, sai ka yi tafiya mai nisa rana ba ta taɓa ƙeyarka ba. Ƙasa kullum a jiƙe, tana ƙamshin ruwan farko, sai dai nasu ƙamshin ba ya tafiya. Akwai wani itace da yake zubar da 'ya'ya masu ƙaya kamar bushiya, in ka fasa ka ga ƙwaya mai kama da goro, suna gasa ta su ci. Na cika aljihu da su ranar farko da niyyar in kawo maka, suka ruɓe kafin in dawo.

Akwai jajayen shanu, ƙosassu, a bayan waya, ba makiyayi. Na daɗe ina waige-waige ina neman mai su in yi masa sannu da kiwo, kafin in gane babu shi.

Abin da zai fi ba ka mamaki shi ne shirun. Sai in yi awa guda mota ba ta wuce ni ba. Ba abin da nake ji sai sarƙa da numfashina. Wata rana barewa ta tsaya a tsakiyar hanya muka kalli juna, na ce mata sannu da Hausa, don kwana biyar ke nan ban yi Hausa da kowa ba.

Ƙauyukan kuwa gida goma ne, sha biyar, duk na dutse. Coci a tsakiya a kulle, ƙararrawarsa tana buga kanta. Gefensa famfon ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara, a nan nake alwala, in shiga gindin itace in kintaci alƙibla in yi azahar, don sau da yawa ba a ganin rana. Tagogi a rufe. Ba yara, ba awaki, ba ƙarar daka. Samarin duk sun tafi birni, tsofaffi ne suka rage, kowa a ƙofar gidansa shi kaɗai.

A nan ne labarin ya lalace, Baba, shi ya sa ban taɓa ba ka shi ba.

Ka tuna ranar da na wuce amininka Malam Idi a kan keke, na gaishe shi daga sama ban tsaya ba? Ka ja kunnena har gaban rumfa ka ce, "Ba a gaida babba daga kan sirdi. Sauka, ka tura, ka gaisa, sannan ka hau." Tun daga ranar ƙafata da kanta take neman ƙasa in na hango furfura.

Haka na yi a can. Lahadin farko na hango wata tsohuwa tana ban ruwa a lambunta, na sauka tun daga nesa, na turo keken, na gaishe ta da Faransancin makaranta, na tambayi lafiyarta da ta mutanen gida. Ta dube ni, ta dubi keken, ta ajiye butar ta shige gida. Na ji ƙarar sakata.

A ƙauye na gaba wani ya ɗauka ɓata na yi, ya dage yana nuna mini hanyar da ban tambaya ba. A na uku wani tsoho mai hular ulu, zaune a benci a jikin bangonsa, ya ga na sauka sai ya shiga ciki da sauri ya fito da famfon keke. Ya durƙusa da ƙyar ya latsa tayar gaba, ya latsa ta baya, ya ga ƙalau suke. Na yi masa bayani cewa gaisuwa ce kawai, haka ake yi a garinmu. Sai ya matsa mini gefe a bencin.

Lahadi huɗu a jere na zauna a wannan benci. Ba wata hira muke yi ba, haƙoransa sun zube, rabin maganarsa ba na ganewa. Amma duk zuwana famfon yana jingine a gefensa, sai ya ɗaga shi ya tambaye ni ko yau tayar ta sace, mu yi dariya.

Sai na ba wani abokin aikina Bafaranshe labarin tsohuwar da ta kulle ƙofa. Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce a ƙasarsu ba a sauka daga keke sai da matsala, kuma baƙo ya tunkari tsoho shi kaɗai a gida, tsoro yake ba shi. Ya ce in ɗan sunkuyar da kai kawai in wuce, kamar yadda masu tseren keke suke yi. Ba da mugunta ya faɗa ba. Amma kunya ta kama ni, na ji ni baƙauye ne da ya zo yana tsorata tsofaffin mutane. Na koyi sunkuyar da kai.

Gidan tsohon nan a gangare yake, gangare mai daɗi, irin wanda iska take cika maka riga. Lahadi ta biyar na hango shi daga sama, ya miƙe tsaye, famfon a hannunsa. Yatsuna suna kan birki. Ban matsa ba. Na sunkuyar da kai na wuce shi da gudu, ban kuma waiwaya ba. Daga ranar na canza hanya don kada in haɗa ido da shi, har na bar ƙasar ban yi masa sallama ba. Ko sunansa ban riƙe ba.

Da yammar ranar da na wuce shi ka kira ni, ka yi tambayarka. Me zan ce maka? In na fara da itatuwa zan kai ga ƙauyuka, in na kai ga ƙauyuka za ka ce yaya mutanen, kana gaishe su? Kuma in na ce hanyoyin suna da kyau, sai na faɗa maka dalilin da ya sa nake wuni a kansu, cewa ba ni da wanda zan zauna da shi. Kai kuwa kana gaya wa mutane ɗanka yana Turai cikin jin daɗi. Sai na ce hanya ce kawai. Da na faɗa sau ɗaya, na biyu ya zo da sauƙi.

Yanzu shekara uku ina Riyad. Aikina duba tiyon da yake shayar da itatuwan bakin titi, ina zaune a motar kamfani daga Al-Naseem zuwa tsakiyar gari, gilashi a rufe saboda zafi. Titunan layi huɗu-huɗu ne, rabinsu an haƙe ana aikin jirgin ƙasa na cikin gari. Ba a ganin mai tafiya a ƙasa balle a sauka a gaishe shi. Ban hau keke ba tun da na zo. Wani lokaci a cunkoson mota ina rufe ido in bi hanyar dajin nan tudu bayan tudu, har direbanmu ya ce yalla, mun iso.

Kai kuma ba ka daina ba. Na taɓa cewa ka tambaye ni hanyoyin nan mana. Ka ce, "Na Saudiyya alhazai sun ba ni labari. Na Faransa nake so, kai kaɗai na sani da ya taka su." Na ce katina zai ƙare. Ba gaskiya ba ne, Baba.

Makon jiya na kira Malam Idi in yi masa ta'aziyyarka, don na san bayan mu babu wanda ya yi rashi kamarsa. Ya sa mini albarka, ya ce ba kowane ɗa ne yake zama ya ba mahaifinsa labari yadda nake ba ka ba. Na tambaye shi wane labari yake nufi. Ya ce shekara da shekaru suna shan labarin hanyoyin Faransa a rumfarka, duk wanda ya kawo faci sai ya ji sabo, kuma kullum da "Laminu ya ce" kake farawa.

Na roƙe shi ya maimaita mini abin da na ce. Ashe na ce kuka da gawo ne jere dama da hagu, manya-manya, har inuwarsu ta haɗe. Na ce kowane ƙauye da rijiya a bakin hanya da guga a rataye don masu keke. Na ce matan can suna fitowa da fura mai sanyi in sun ga matafiyi. Na ce babu ƙauyen da ba a san ni ba, in na shigo tsofaffi suna cewa ga ɗan mai gyaran keke nan, yaro mai ladabi.

Na ajiye wayar na zauna a bakin katifa na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka gaya mini ka rasu. Ka zauna da kalma uku da na ba ka, ka gina ƙasa guda da itatuwan garinmu, don kada a ce ɗanka ba ya hira da kai. Ka rufa mini asiri a gaban abokanka, kuma ba ka taɓa nuna mini ka ji haushi ba. Ina kewarka, Baba. Na yi maka rowar abin da ba zai rage ni da komai ba, ka yafe mini.

Malam Idi ya ce in na zo gida in zauna a rumfar in ƙarasa musu, don akwai wata hanya da ka fara ba su labarinta, mai bi ta gefen tafki, ciwo ya kwantar da kai ba ka kai ƙarshenta ba. Na ce masa to. Ba zan gyara maka ko itace ɗaya ba. Zan tambaye su inda ka tsaya, in ɗora daga nan.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba Inna haƙuri da lafiya har in iso. Tsohon nan mai famfo kuma, in yana raye, Allah Ya kawo masa wanda zai zauna a bencinsa. Amin.

Ɗanka,
Laminu
Gubaira, Riyad